Manzannin Musamman da Gonakin Fashaga: Nazari daga Iyakar Gadarif

Ranar 23 ga Afrilu 2021, Sakataren Harkokin Wajen Amurka Antony Blinken ya sanar da naɗa Jeffrey Feltman manzon musamman na ƙasarsa a yankin Ƙahon Afirka. Manyan abubuwa uku aka ɗora masa: yaƙin Tigray, takaddamar iyaka tsakanin Sudan da Habasha, da rigimar madatsar ruwan da Habasha ke ginawa a lokacin a kan kogin Nilu. Duk wanda ya san gabashin Sudan zai lura cewa biyu daga cikin ukun nan a jiha ɗaya suka haɗu, wato Gadarif. A can ne aka tsugunar da yawancin waɗanda suka tsere wa yaƙin Tigray, a can kuma yankin Fashaga yake, inda sojojin ƙasashen biyu suka ja daga. Saboda haka Gadarif wuri ne mai kyau da za a tsaya a auna wannan irin aike, a ga abin da yake iyawa da abin da yake bari a baya idan manzo ya tattara takardunsa ya koma gida.

Jakada na dindindin da manzon musamman aikinsu ba ɗaya ba ne. Jakada zaunawa yake yi a babban birnin ƙasar da aka tura shi, yana kula da duk abin da ya haɗa ƙasashen biyu, daga ciniki har bizar ɗalibai, kuma Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ce ta tsara matsayinsa. Manzon musamman kuwa magana ɗaya ake ba shi, ya bi ta duk inda ta kai shi, ko da ta ratsa ƙasashe huɗu ko biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa irin wannan aike tasa yarjejeniyar a 1969. Dalilan da ke sa gwamnati ta zaɓi wannan hanya ba ɓoyayyu ba ne. Wata matsalar ta fi ƙarfin ofishin jakadanci guda. Wani lokaci shugaba yana so ya nuna wa majalisarsa da masu matsa masa lamba cewa ya ɗauki abu da muhimmanci. Wani lokaci kuma ana son magana da gwamnatin da ba a son a girmama ta da cikakken jakada. Wannan na ƙarshe shi ne labarin Amurka da Sudan: sai a watan Agusta 2022 John Godfrey ya isa Khartum a matsayin jakada, bayan kimanin shekara 25 babu mai wannan muƙami a can. A tsawon wannan lokaci manzanni ne suka riƙa cike gurbin, daga John Danforth a 2001 zuwa Andrew Natsios, Richard Williamson, Scott Gration, Princeton Lyman da Donald Booth.

Kafin a shiga batun manzanni, dole a san ƙasar da ake magana a kanta. Gadarif fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka, wadda ke tsattsagewa da rani, ta zama taɓo mai kama ƙafa da tayar mota da damina. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji da ruwan sama a wajen, kuma har yau jihar ce rumbun dawa da riɗin Sudan. Fashaga ita ce ɓangaren gabas, tsakanin kogunan Setit da Atbara da Basalam. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: idan damina ta kankama kogin Atbara ya cika, Fashaga takan yanke daga sauran Sudan, alhali ta gabas babu abin da ya tare ta daga tsaunukan Habasha. Manomin Sudan da ke yammacin kogi yakan kasa isa gonarsa a daidai lokacin shuka da noma, manomin yankin Amhara na Habasha kuwa gangarowa kawai zai yi. Ga kuma halin riɗi, wanda ba ya jira. Da zarar ya nuna, sai a yanke shi cikin 'yan kwanaki, a ɗaure dami-dami a jingina a tsaye, in ya bushe a kifa a kaɗe. In aka yi jinkiri kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Wannan gaggawa ce ta sa manyan gonakin Gadarif suka dogara da dubban 'yan ƙodago da ke tsallakowa daga Habasha ta Metema da Gallabat kowace kaka. Wato mutanen da ake rigimar gona da su, da danginsu ake girbi. Manzon da bai fahimci wannan ba, layi kawai zai gani a taswira.

Aiken farko da ya sauya rayuwar wannan iyaka ya girmi Feltman da shekara 137. A 1884, lokacin da mayaƙan Mahadi suka kewaye sansanonin sojojin Masar a gabashin Sudan, Ingila ta tura babban hafsan ruwa William Hewett wurin Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu. Buƙatarsa ɗaya ce tak: a taimaka a fitar da sojojin da suka maƙale a Gallabat da Kassala da wasu wurare. Ranar 3 ga Yuni 1884 aka sa hannu a Adwa. An mayar wa Habasha yankin Bogos, an kuma yi mata alkawarin shigar da kaya ta tashar Massawa ba tare da tsangwama ba. Yohannes ya cika nasa, mutanensa suka fitar da sojojin Gallabat. Ingila kuwa ta zuba ido Italiya ta mamaye Massawa a Fabrairu 1885. Abin da Habasha ta samu a hannu shi ne gaba da daular Mahadi. A Janairu 1888 kwamandanta Hamdan Abu Anja ya shiga Gondar ya ƙone ta, a Maris 1889 kuma Yohannes ya gamu da ajalinsa a yaƙin Gallabat. Idan aka auna Hewett da takardar da aka ba shi, ya yi nasara, domin wasu daga cikin sojojin da aka aike shi dominsu sun tsira. Sai dai yaƙin da ya biyo baya a kan mutanen iyaka ya faɗa, ciki har da Takarir, jikokin alhazan yamma da suka kafa zama a Gallabat suna riƙe da kasuwarta, suna lallaɓa masu iko na ɓangarorin biyu don su zauna lafiya. Babu sunansu a yarjejeniyar Adwa.

Na biyu shi ne wanda har yau ake shan wahalarsa. Ranar 15 ga Mayu 1902, wakilin Ingila a Addis Ababa John Harrington ya ƙulla yarjejeniyar iyaka da Sarki Menelik na Biyu. Hankalin Ingila a lokacin yana kan ruwan Nilu. A cikin wannan takarda ce aka sa sharaɗin kada Habasha ta tare ruwan Shuɗin Nilu da tafkin Tana da kogin Sobat ba tare da yardar Ingila ba. Iyakar kuwa an zayyana ta ne a dunƙule. A 1903 aka tura Manjo Charles Gwynn ya bi daji ya kafa alamomi, Fashaga ta faɗo ɓangaren Sudan. Sudan na cewa aikin Gwynn ya zama doka. Habasha na cewa shi kaɗai ya yi, babu wakilinta a tare da shi. A Yuli 1972 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Mansur Khalid da Minasse Haile, suka yi musayar takardu inda aka amince da layin Gwynn a matsayin tushe, aka kuma ce sai an samo mafita ta lumana ga mutanen da ke zaune suna noma a arewacin dutsen Dagalish kafin a sabunta alamomi a wajen. Daga nan kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Khartum na karanta sashen da ya tabbatar da layi, Addis Ababa na karanta sashen da ya yi maganar manoma.

Abin lura shi ne, shekarun da iyakar ta fi samun sauƙi ba manzon waje ne ya kawo su ba. Bayan yunƙurin kashe Shugaban Masar Hosni Mubarak a Addis Ababa a 1995, wanda aka zargi Khartum da hannu a ciki, ƙarfin Sudan a Fashaga ya ja baya, manoman Habasha suka ƙara yawa. Daga baya Shugaban Sudan Umar al-Bashir da Firaministan Habasha Meles Zenawi suka daidaita: Habasha ba ta musa layin ba, Sudan kuma ba ta kori manoman ba. Gwamnonin Gadarif da na yankunan Amhara da Tigray suna zama lokaci-lokaci, ana hayar gonaki, ana sasanta satar shanu da garkuwar da 'yan fashin da ake kira shifta ke yi da mutane. Ba adalci ne cikakke ba, domin manoman Sudan da dama sun rasa gonakinsu, kuma sun daɗe suna kuka gwamnatinsu ba ta saurara ba. Babban rauninsa shi ne ya dogara da amanar shugabanni biyu da jam'iyyunsu. Meles ya rasu a 2012, jam'iyyarsa ta TPLF ta 'yan Tigray ta rasa rinjaye a 2018, aka tumɓuke Bashir a 2019. Da masu riƙe da igiyar suka kau, babu rubutaccen abin da zai tsaya a madadinsu.

Yaƙin Tigray ya ɓarke ranar 4 ga Nuwamba 2020. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 60,000 suka tsallako Sudan, yawancinsu ta Hamdayet a bakin kogin Setit, aka kwashe su zuwa Um Rakuba, sansanin da ya taɓa karɓar 'yan gudun yunwar shekarun 1980, sannan aka buɗe Tunaidba. A daidai lokacin da mayaƙan Amhara suka karkata zuwa yaƙi, sojojin Sudan suka kutsa Fashaga suka karɓe mafi yawanta. Habasha ta ce an soke ta ta baya tana cikin ɗimuwa, Sudan ta ce ƙasarta ta koma.

Sai manzanni suka yi ta zuwa. Tarayyar Afirka ta tura tsofaffin shugabanni uku, Joaquim Chissano da Ellen Johnson Sirleaf da Kgalema Motlanthe. Firaministan Habasha Abiy Ahmed ya karɓe su a ƙarshen Nuwamba amma ya ƙi maganar sulhu da TPLF. A Fabrairu 2021 Tarayyar Turai ta aiko ministan harkokin wajen Finland Pekka Haavisto, wanda ya je har Um Rakuba ya ji daga bakin 'yan gudun hijira. A watan nan dai Tarayyar Afirka ta tura Mohamed El Hacen Lebatt na Muritaniya Khartum kan batun iyaka. Sudan ta Kudu ta miƙa tayin shiga tsakani, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kawo shawarar zuba jari a gonakin da raba amfani, Khartum ta nace sai an fara kafa alamomin iyaka, maganar ta mutu. Sannan Feltman. A Agusta kuma aka naɗa Olusegun Obasanjo babban wakilin Tarayyar Afirka a yankin. A cikin wata goma, hannaye sun yi yawa a akushi ɗaya, kuma yawansu ya ba kowane ɓangare damar zaɓen wanda zai saurara da wanda zai ja wa rai.

A ganina, matsala ta farko da wannan jerin ya tona ita ce ta wa'adi. Feltman bai cika shekara ba. Ya gana da shugaban sojojin Sudan Janar Abdel Fattah al-Burhan a Khartum a ƙarshen mako, ya gargaɗe shi kan taɓa gwamnatin riƙon ƙwarya, jirginsa ya tashi, sa'o'i kaɗan bayan haka sojoji suka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. A Janairu 2022 David Satterfield ya gaje shi, a Yuni Mike Hammer ya gaji Satterfield. Mutum uku a kujera ɗaya cikin wata 14, a kan rigimar da ta haura shekara ɗari. Janar ɗin da ke zaune a Khartum ko Addis Ababa ya san cewa zai fi manzo daɗewa, don haka haƙuri kawai yake buƙata. A watan da Hammer ya kama aiki ne aka kashe sojojin Sudan bakwai da farar hula ɗaya a iyakar, Khartum ta zargi sojojin Habasha, Addis Ababa ta ɗora wa 'yan bindigar yankin. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne ganawar Burhan da Abiy ido da ido a Nairobi ranar 5 ga Yuli 2022, a gefen taron ƙungiyar IGAD.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma tana cikin asalin aiken kansa. Ƙarfin manzon musamman shi ne an taƙaita masa magana. Rauninsa ma shi ne wannan. Obasanjo, tare da Uhuru Kenyatta da Phumzile Mlambo-Ngcuka, ya kai gwamnatin Habasha da TPLF ga sa hannu a Pretoria ranar 2 ga Nuwamba 2022. Wannan babban aiki ne, bai kamata a raina shi ba, domin ya tsayar da ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen da suka fi cin rai a wannan ƙarni. Amma don a samu sa hannun, sai aka ɗage batun yammacin Tigray, wato Humera da Welkait da kewayensu, aka ce tsarin mulki zai warware. Da yawa daga cikin mazauna Um Rakuba da Tunaidba daga can suka fito, kuma yankin ya ci gaba da zama a hannun mayaƙan Amhara. Aka yi sulhu, su kuwa ba su da gidan komawa. Suna nan a Gadarif har yaƙin Sudan ya same su.

Haka abin ya kasance tun zamanin Danforth. Ana yawan kafa misali da shi a matsayin manzon da ya yi nasara, kuma da gaskiya. Yana da kunnen Shugaba George W. Bush kai tsaye, bai kuma fara da manyan buri ba. Gwaje-gwaje huɗu ya gindaya wa gwamnatin Khartum da 'yan tawayen kudu na SPLM, ciki har da tsagaita wuta a tsaunukan Nuba, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2002. Daga nan aka samu hanyar da Janar Lazarus Sumbeiywo na Kenya ya bi har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairu 2005. Sai dai teburin na mutum biyu ne, gwamnati da SPLM. Darfur da gabas suka fahimci cewa sai mai bindiga ake ba kujera. Gabashin Sudan, wato jihohin Bahar Maliya da Kassala da Gadarif, sai a Oktoba 2006 ya samu tasa yarjejeniyar a Asmara da sa bakin Eritiriya, tare da alkawarin asusun raya yanki na dala miliyan 600, wanda mutanen gabas suka daɗe suna tambayar inda ya shiga.

Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya juya Gadarif daga mai karɓar baƙin ƙetare zuwa mafakar 'yan ƙasa. Da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, da Sinja ta bi a tsakiyar 2024, ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo, makarantu suka zama ɗakunan kwana. A wannan karon ma an yi naɗe-naɗe: Ramtane Lamamra daga Majalisar Ɗinkin Duniya a Nuwamba 2023, kwamitin Mohamed Ibn Chambas daga Tarayyar Afirka a Janairu 2024, Tom Perriello daga Amurka a Fabrairu. Taron Switzerland na Agusta 2024 bai kawo tsagaita wuta ba, sojoji ma ba su halarta ba, amma a lokacinsa ne aka sake buɗe mashigar iyaka ta Adre don kai abinci Darfur. Wannan ya ƙara nuna cewa manzo ya fi cin nasara a kan abu ƙarami mai iyaka, wanda za a iya ƙirga motocin da suka wuce. Sai a Nuwamba Perriello ya taka Port Sudan, wa'adinsa kuma ya ƙare da gwamnatin da ta naɗa shi a Janairu 2025. Damuwata a nan ita ce, a ƙasar da aka tabbatar da yunwa a wasu sassanta, noman Gadarif bai samu matsayin da ya cancanta a teburin sulhu ba. Man tarakta, bashin banki kafin saukar ruwa, hanyar 'yan ƙodago ta Gallabat, waɗannan su ne ke yanke hukuncin ko za a samu dawa a kasuwa, kuma lokacinsu ba ya jiran zagayen tattaunawa.

Akwai abin da ya shafi mai karatun Hausa kai tsaye. Gadarif na cikin wuraren da Hausawa da Fulani suka fi yawa a Sudan, zuriyar alhazan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Suna noma a gaɓar koguna, suna su, suna kasuwanci. Da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ɓarke a Yuli 2022 aka kashe Hausawa da dama, 'yan uwansu sun fito zanga-zanga a Gadarif da Kassala da Khartum. Najeriya kuwa ta ba Sudan manyan masu shiga tsakani: Baba Gana Kingibe ya jagoranci tawagar Tarayyar Afirka a Darfur, a Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar Darfur ta Mayu 2006, Ibrahim Gambari ya shugabanci tawagar kiyaye zaman lafiya ta UNAMID a Darfur daga 2010, Janar Abdulsalami Abubakar ya zauna a kwamitin Tarayyar Afirka kan Sudan wanda Thabo Mbeki ya jagoranta. Wasu kan ce me ya hana a naɗa wani ya tsaya wa Hausawan Sudan. Ban goyi bayan haka ba. Hausawan Gadarif 'yan Sudan ne, kuma babban makamin masu son ƙwace musu gona shi ne kiransu baƙi. Manzo daga Abuja da sunansu zai ƙarfafa wannan zargi ne. Abin da suke buƙata shi ne duk mai shiga tsakani a rikicin Sudan ya sa batun mallakar ƙasa da 'yancin ɗan ƙasa a cikin abin da za a tattauna, ya kuma ba shugabannin al'umma kujera ko da ba su da bindiga.

A Fashaga kanta, abin da ya fi canza lissafi tun 2020 shi ne hanyoyi da gadojin da sojojin Sudan suka gina a kan kogin Atbara, kamar ta Wad Koli, domin sun rage yankewar damina wadda ita ce tushen rinjayen manoman Habasha. Amma gada ba ta amsa tambayar 1972. Har yanzu ba a sabunta alamomin iyaka a arewacin Dagalish ba, ba a kuma rubuta matsayin manomin Habasha da ya shekara ashirin yana noma a can, ko na manomin Sudan da ya dawo da takardar gonar mahaifinsa a hannu. Aiki ne na masu awon ƙasa da alƙalai da gwamnonin Gadarif da Amhara da ƙungiyoyin manoma, gona bayan gona, kuma zai ci shekaru. Idan Tarayyar Afirka ko IGAD za ta sake naɗa wani a kan wannan iyaka, wa'adinsa ya kamata ya kai tsawon wannan aiki, mazauninsa kuma ya kasance Gadarif da Gondar.